Lafiyayyen Kai Mai Lamba Ɗaya

Sana'ar Ma'auni kwanciya ce, kuma ba wasa nake yi ba. A takardar ɗaukar aiki dai masinja ne a wata cibiyar binciken ƙwaƙwalwa, mai kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan, mai ɗauko wa Farfesa jaka daga mota. Amma abin da ya ɗaukaka shi, abin da ya sa yake tafiya yana buɗe kafaɗa a unguwarsu, shi ne ya iya kwanciya minti hamsin cur ba tare da ko gashin girarsa ya motsa ba.

Wajen mahaifinsa ya koya. Tsohon mai gyaran agogo ne, shagonsa bai fi faɗin tabarma biyu ba, teburinsa kuma ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta. Idan yaro ya kuskura ya motsa gwiwa, tebur ya girgiza, wani ɗan ƙarfe da bai kai ƙwayar yashi ba ya faɗi ƙasa, to ranar sai an yi rarrafe har yamma, bayan an sha ranƙwashi. Yayyensa duk sun gudu daga shagon. Shi kaɗai ya zauna, ya iya daskarewa, ko ƙuda ya sauka a hancinsa sai dai ƙudan ya gaji ya tashi. Gyaran agogon kuwa bai iya ba har tsohon ya rasu. Ya yi kwandasta, ya yi gadi, daga baya wani ƙanin mahaifiyarsa ya sama masa aikin masinja.

Shekararsa biyu a cibiyar aka kawo na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, wata ƙatuwar aba mai rami a tsakiya, sai da aka fasa bango kafin ta shiga. Ana tura mutum cikin ramin a kwance, ta yi ta bugu da ƙara kamar ana ƙera tukunya a kunnenka, idan ka motsa ko kaɗan hoto ya lalace. Aka nemi kan da za a gwada ta da shi. Manyan masu digirin nan suka shiga ɗaya bayan ɗaya, suka fito da kunya. Wannan tari, wancan haɗiyar yawu, wani ƙaiƙayi ya kama shi. Farfesa da kansa, shugaban cibiyar, mai magana ta hanci, minti huɗu ya yi ya dinga danna ƙararrawa a fito da shi, ya fito gumi sharkaf yana cewa ya tuna yana da taro.

Sai Mai Na'ura, wanda ke sarrafa ta, ya leƙo ya hango masinja a zaune. “Kai, zo nan. Cire agogonka da makullai da duk wani ƙarfe. Kwanta, kada ka motsa.”

Ya kwanta. Da hoton ya fito, ɗakin ya ɗauki sowa. Farfesa ya dafa kafaɗarsa, wanda bai taɓa yi ba, ya yi masa bayani a tsaye: sikeli ba ya sanin kansa sai an ɗora masa abin da aka san nauyinsa. Daga yau, Litinin ɗin farkon kowane wata zai shiga. Idan lissafin kansa ya fito daidai da na watan jiya, na'ura lafiyarta ƙalau, sai a ci gaba da auna sauran mutane. Aka ba shi lamba ɗaya a kwamfuta, aka ba shi wata takarda mai ƙananan rubutu ya sa hannu bai karanta ba, aka ba shi kwalbar lemo. Tun ranar sunansa na yanka ya ɓace, kowa Ma'auni.

Wayyo, girman kai ya samu wurin zama! Daren Lahadi ba ya shan shayi, kada ya hana jijiya kwanciya. Ba ya yarda a yi masa aski sai a wuri ɗaya. Idan gardama ta tashi a majalisarsu, kan ƙwallo ne ko kan siyasa, sai ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa ya ce, “Ku yi a hankali, wannan kan da kuke gani da shi ake auna na sauran jama'a.” A shekara ta biyar aka zaɓi hotonsa mafi kyau, wanda ya nuna kai a tsage daga goshi zuwa ƙeya, aka faɗaɗa shi ya kai girman ƙofa, aka sa a firam aka rataye a barandar da ke gaban ofishin Farfesa. A ƙasa aka rubuta: Lafiyayyar Ƙwaƙwalwa. Shi ke goge gilashin kowace safiya, ba wanda ya sa shi. Ya kawo matarsa da 'ya'yansa mata uku suka gani. Matar ta ɗaga kai ta kalla ta ce, “Wannan curin ne kake mana fankama da shi?”

Ga abin da bai sani ba, kuma da ya sani da bai gane ba. A cibiyar nan ba a kallon hoto. Na rantse, ba a kallo. Kallon hoto da ido, a wurinsu, aikin ƙananan likitocin asibiti ne, masu fama da layin marasa lafiya da warin magani. Su masu bincike ne. Hoto yana fitowa kwamfuta za ta karɓe shi, ta datse wuya da hanci da duk abin da ke gindin ƙwaƙwalwa ta watsar, domin su saman suke nazari, sannan ta tofo musu lambobi. Lambobin suke ɗauka su shiga jirgi su je taro. “Mu nan da lissafi muke aiki, ba da ido ba,” in ji Farfesa, duk baƙon da ya zo sai ya ji wannan. Mutum goma sha biyu ne a ginin, kowanne da digiri kamar ya kashe shi, kuma kowanne ya ɗauka wani yana dubawa.

Abin ya fara da ƙofofi. Ma'auni zai shiga ɗaki sai kafaɗarsa ta daki gefen ƙofa. Ya ce kafinta ne bai iya aiki ba. Ya shiga zubar da kofi idan an ajiye masa a gefe. Wata rana mai keke ya kwashe shi a bakin titi da rana tsaka, ya tashi yana rantsuwa daga sama mutumin ya faɗo. Ga ciwon kai can ciki, bayan idanu, wanda ba ya tafiya.

“Malam, ka je asibiti,” in ji matarsa. Ɗinki take yi a gida, idonta kuwa ba ya kuskuren komai. “Jiya na tsaya a gefenka ina miƙo maka ruwa har hannuna ya gaji, ba ka gan ni ba.”

“Asibiti? Ni?” Ya yi dariya har da buga cinya. “Ke, wanda farfesoshi ke leƙa cikin kansa duk wata shi zai je ya bi layin kati? Da akwai wani abu ai su za su fara gani.”

“To ka tambaye su.”

Ya tambaya, wannan kam ba za a ɗora masa laifi ba. Ya faɗa wa Mai Na'ura lokacin da mutumin yake ɗaure masa kai kafin ya shiga ramin, shi kuwa ya ce ya sha maganin ciwon kai, amma ban da ranar shiga, kada ya taɓa lissafi. Ya tari Farfesa a baranda da jaka a hannu, ya rusuna. “Ranka ya daɗe, kan nan nawa kwana biyu...” Farfesa bai rage sauri ba. “Kanka? Kanka ai shi ne kan da ya fi kowane kai lafiya a garin nan. Ajiye jakar a kan kujera.” Ma'auni ya koma gida da wannan magana kamar an ba shi lambar yabo, ya maimaita wa matarsa sau uku.

Ana nan sai lambobinsa suka fara gocewa, kaɗan-kaɗan, wata bayan wata, duk gefe guda. Ka ce wani zai tsaya ya ce, jama'a, kai ne fa na mutum, ko shi ne ya canza? Ina! Ai an riga an yanke cewa Ma'auni ba ya canzawa, shi ya sa ake kiransa Ma'auni. Saboda haka na'ura ce ta lalace. Aka ɗauko injiniya daga ƙasar waje, ya kwance ya ɗaura, ya ce lafiyarta lau. Aka sake ɗauko shi. Aka zargi na'urar sanyaya ɗaki, aka canza ta. Aka zargi sabon lif mai hawa da mutane bene da aka sa a ginin maƙwabta, har aka rubuta musu wasiƙa mai zafi. Da duk ya ƙi, sai wani Dakta mai gemun akuya ya kawo dabara: a koya wa kwamfuta ta riƙa cire bambancin da kanta. Aka yi haka, lambobi suka dawo daidai, aka tafa masa. Har takarda suka buga a kan wannan basira, aka yi ɗan biki, Ma'auni ne ya raba lemo, ya zubar da biyu.

Shekara goma sha huɗu yana shiga ramin nan. Ranar da asiri ya tonu wata Laraba ce da hantsi, kuma ba ilimin kowa a ginin ne ya tona shi ba, wulaƙancin Farfesa ne.

Wata tsohuwar likita ta zo daga asibitin gwamnati, irin waɗanda suka tsufa suna ɗaga hoto sama suna kallo. Gajeriya ce, takalminta ya sha hanya, tabaraunta ɗaure da zare. Alfarma ta zo nema, a ba wani mara lafiyarta rabin awa a na'urar. Farfesa kuwa yana da al'ada: gwargwadon ƙanƙantar mutum a idonsa, gwargwadon daɗewarsa a benci. Ta yi awa biyu. Ba jarida, ba abin yi, sai ƙaton hoton da ke gabanta. Ma'auni yana lura da ita daga kujerarsa. Ya ga ta tashi, ta matsa, ta cire tabarau ta goge ta mayar, ta kai hancinta dab da gilashin da ya goge da safe.

“Bawan Allah,” ta ce ba ta juyo ba, “wannan hoton na wane ne? Yana raye?”

Shekara tara yana jiran baƙon da zai yi wannan tambaya. Ya miƙe, ya gyara wuyan riga. “Mama, ai ga shi a gabanki. Nawa ne.”

Ta juyo ta dube shi daga sama har ƙasa, ba ta yi murmushi ba. “Yaushe aka ɗauka?”

“Shekara tara ke nan.”

“An yi maka aiki?”

“Wane aiki kuma? Karanta ƙasan mana.”

Ta ɗora yatsa a kan gilashin, can ƙasa, bayan hanci, inda wani ɗan abu mai girman ƙwayar wake yake zaune a fili. Ya san wurin sarai, kullum tsummansa yana bi ta kai. “Wannan ƙari ne,” ta ce. “A samansa jijiyoyin ido suke wucewa. Tsaya nan. Kalli hancina, kada ka juya.” Ta ware hannuwanta biyu. “Yatsu nawa na ɗaga?”

“Ai ba ki ɗaga hannu ba, Mama.”

Ta matso da hannuwan a hankali, a hankali, sai da suka kusa haɗuwa a gaban fuskarsa sannan ya gan su. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba ko a cikin ramin na'urar.

Ba ta ƙwanƙwasa ƙofar Farfesa ba, bankawa ta yi, kuma ta bar ta a buɗe. Ma'auni ya ji komai. Ya ji ta ce a buɗe hoton watan jiya yanzu-yanzu, cikakkensa, ba wanda aka datse ba. Aka yi ta kiran Mai Na'ura, domin duk cikinsu ba wanda ya tuna inda cikakkun suke. Aka buɗe. Ƙwayar wake ta zama ƙwan kaza, ta tokare ƙwaƙwalwar daga ƙasa tana ɗaga ta. Abin da suka yi shekaru suna cirewa da lissafi ke nan.

Muryar da ta fara fita ta Farfesa ce. Ma'auni ya kasa kunne, yana jiran ya ji an ambaci idonsa.

“Innalillahi,” in ji Farfesa. “To takardun da muka buga fa? Daga wace shekara abin zai shafa?”

Tir!

Tsohuwar ce ta kama hannunsa ta sa shi a motar haya, ita ta sama masa gado, ita ta tsaya aka yi aikin bayan kwana tara, ta hanci aka bi aka ciro abin. Cibiya ta aiko da kati mai hoton fure, mutum goma sha biyu suka sa hannu. Da aka kwance bandeji, idon dama ya tafi, ba haske ba duhu. Na hagu ya rage ɗan tsakiya, kamar mai leƙe ta ramin makulli. Matarsa ta tare tsohuwar a bakin ƙofa, shi yana ji daga gado.

“Likita, don Allah ki gaya mini gaskiya. Da an gani da wuri fa?”

“Ko shekara uku da suka wuce ne, da idonsa biyu zai tashi.”

Matar ba ta yi kuka a nan ba. Ta dawo ta zauna, ta ɓare masa lemo, ta kama hannunsa ta sa masa a ciki. Ba ta taɓa ce masa ai na faɗa maka ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi yi masa ciwo.

Wata huɗu yana gida yana koyon inda kujeru suke, sai ga saƙo Farfesa yana son ganinsa. Ka san hali, sai da ya yi murna. Ya ce a goge masa riga. “Haƙuri zai ba ni,” ya ce wa matar. “Babban mutum ne, kunya ce ta hana shi zuwa.” Ta ce to, ta ɗauki mayafinta, ta tsaya a damansa inda ba ya gani, ta riƙe gwiwar hannunsa.

A baranda ya juya kai yana neman hoton da ɗan ramin idonsa. An cire, sai wani fili mai haske a bango da ƙusoshi huɗu. Mai Na'ura ya gaishe shi yana kallon ƙasa, ya ce yanzu da wani ƙwallon roba mai ruwa a ciki suke gwaji, ashe tun farko tare da na'urar ya zo, yana ɗakin ajiya a cikin kwalinsa. Ba a ajiye su a benci kamar yadda aka yi wa tsohuwar ba. Har shayi aka kawo.

Farfesa ya yi jaje na minti ɗaya, ya ce ƙaddara ce, ya kuma tuna musu a hankali cewa takardar da aka sa wa hannu tun farko ta faɗa ƙarara wannan ba duba lafiya ba ne. Daga nan sai fuskarsa ta washe, ya matso da kujera.

“Ma'auni, ka san abin da ke hannunmu kuwa? Hoto ɗari da sittin da takwas! Kai ɗaya, na'ura ɗaya, duk wata, ba motsi ko ɗaya. Tun kafin ƙarin ya fito, har ya tsiro, har ya girma ya danne jijiya. Wata-wata! Babu mai irin wannan a duniya, domin ko'ina da an gani ake cirewa, ba a bari ya...” Ya ɗan yi tari. “Abin nufi, dukiya ce ta ilimi. Sa hannunka kawai muke buƙata mu buga. Za ka shiga tarihi.”

Ma'auni ya ji yatsun matarsa sun nutse a hannunsa. Ya juya kai a hankali har fuskar Farfesa ta shigo cikin ɗan abin da ya rage masa. Shekara goma sha shida yana ɗaukar wa mutumin nan jaka, bai taɓa kallonsa ido cikin ido ba sai yau da ido ya ƙare. Wani ɗan tsoho ne mai rini a gashi, da guntun biskit a gefen baki.

“Ranka ya daɗe, ɗari da sittin da takwas ka ce?”

“Cif.”

“Kafin zuwan Mama, guda nawa ka kalla?”

Farfesa ya yi 'yar dariya, ya ce ai tsarin aikin ba haka yake ba, ya cire murfin biro ya miƙo. “Ga layin nan, a ƙasa. Bari in kama maka hannu idan ba ka gani.”

Ma'auni bai karɓa ba, bai kuma ture ba. Ya ɗora hannuwansa a cinya, ya saki kafaɗa, ya daidaita numfashi, ya yi abin da ya fi kowa iyawa. Farfesa ya kira sunansa. Ya sake kira. Ya yi bayani a kan amfanin al'umma, ya yi a kan 'yan baya, ya ce za a sa godiya ta musamman a ƙarshen takardar. Ya juya ga matar ya ce ta yi masa magana, ta ce ita ɗinki ta iya. Biron yana nan a miƙe, hannun ya gaji, ya canza zuwa ɗayan, ya duba agogo, ya goge gumi. Shayi ya huce. Wayar tebur ta yi ƙara ta gaji. Ƙuda ya sauka a goshin Ma'auni ya yi yawonsa ya tashi.

Farfesa bai kai minti goma ba. Ya ajiye biron, ya ce ya tuna yana da taro, ya tsaya yana dube-dube, ba wanda ya ɗaukar masa jakar, ya ɗauka da kansa ya fita.

Ma'auni bai motsa ba sai da ya cika minti hamsin ɗinsa, jikinsa ya san lokacin ba sai an faɗa masa ba. Sannan ya miƙe. Matarsa ta zagayo damansa ta riƙe shi.

“A hankali, Malam,” ta ce. “Ga ƙofa nan a gefenka.”